Jinin Yaya

A ɗakin bincikenmu, in kana son jinin mai lafiya sai ka kawo naka mutumin. Ni Yaya nake kamawa. Yakan sauke ni a bakin ƙofa, ya biyo ni ciki yana naɗe hannun riga, ya ce, “Sha, mayya.” In ɗiba, ya wuce garejinsa.

Aikina shi ne in ware fararen ƙwayoyin jini, in raine su a kwalabe cikin na'urar ɗumi, in ɗiga wa wasu magani, in ga ko za su ƙara fitar da sinadarin da ke sa garkuwar jiki ta yi haƙuri ta daina kai hari. Waɗanda ban ɗiga wa komai ba su ne ma'aunina, dole su zauna shiru. To, na Yaya suka ƙi. Ba magani ba komai, sinadarin ya cika fal.

Raina ya ɓaci. Na tasa mai kula da na'urori a gaba da masifa, wai shi ya cakuɗa min kwalabe. Na zubar, na sake daga farko, bai canza ba. Shugabarmu ta leƙa sakamakon ta saman tabarau.

“Mutumin nan naki yana shan magani,” in ji ta. “Mai danne garkuwa, kuma ba kaɗan ba. Kin tambaye shi?”

Na tambaye shi mana! Duk zuwa sai na tambaya, duk zuwa sai ya ce ko na ciwon kai ba ya sha.

Ban jira lokacin tashi ba. Na same shi a gareji, kansa a cikin injin wata mota.

“Yaya, wane magani kake sha?”

“Ke dai da neman magana.”

“Kar ka raina min hankali! Jininka ya riga ya faɗa.”

Ya ajiye sifana. Sai a lokacin na kalli fuskarsa da kyau. Ƙibar da muke ta tsokanarsa a kai a gida, ashe kumburi ne.

“Ƙoda ce,” ya ce. “Likita ya ce jikina ne ke yaƙar ta. Umma ba ta sani ba.”

Na daka masa tsawa.

“Kana fama da wannan ka bar ni ina zuƙe maka jini? Ni da abin nan ne karatuna? Me ka mayar da ni?”

Ya goge hannu da tsumma, bai ɗago ba.

“Da na hana ki, Auta, da kin tambayi dalili.”