Kada a Gaya wa Hasana

Wayar ta yi ƙara daidai lokacin da maza suka ɗaga makarar Inna Ɗelu suka nufi ƙofar gida. Hussaina na durƙushe a bakin ɗakin mahaifiyar tata, ta duba. Wokal ne, wato saƙon murya, daga abokiyar tagwaicinta, Hasana, wadda kwananta biyar ke nan da sauka Aljeriya karatun likita. Ta kife wayar a kan cinya.

Zazzaɓi ne na kwana biyu kacal. Matar da shekaranjiya take suyar kifi a bakin tafki, ga ta yau an fita da ita.

Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa Al'amin, ƙanen marigayi mahaifinsu, ko ƙafa bai wanke ba ya tsaya tsakar gida ya kafa doka. Ya ce Hasana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta sami burs, tallafin karatun da duk Madarumfa ake zancensa. In ta ji yanzu, ko ta watsar da karatu ta dawo, ko ta zauce a ƙasar mutane.

"Duk wanda ya gaya wa Hasana, ni da shi ne. Sai ta zo hutu."

Hutun kuwa sai bayan wata tara. Tsofaffi suka gyaɗa kai, wai ai haka aka saba, haka aka yi wa ɗan wane da ke Masar. Sai dai ba wadda ta faɗi yadda ɗan wanen ya ƙare da danginsa.

*

A bayan rumbu Hussaina ta saurari saƙon. Hasana dariya take yi har da shaƙewa. Wai burodi da safe, burodi da rana, har ta fara mafarkin tuwon gero. Wai ta tare wata dattijuwa a matakalar bene ta jero mata gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, matar ta ƙanƙame jakarta ta wuce. Motar makaranta kuma ta hau wadda ba ita ba, aka kai ta ƙarshen gari. Abokiyar ɗakinta da ta ji warin daddawa sai ta buɗe taga, ga sanyi kamar a cikin randa.

"Ki kai wa Inna wayar. Ki ce mata yajin da ta daka mini shi ke riƙe da ni."

Tun suna goye ba su taɓa ɓoye wa juna ko ƙwayar gyaɗa ba. Ran nan Hussaina ta share hawaye, ta gyara murya, ta ce Inna ta tafi garin Safo wajen suna, can kuma babu rezo, waya ba ta shiga. Ta tsani kanta tun kafin ta saki maɓallin.

Ita ƙarya ba ta tafiya ita kaɗai. Washegari ta ce Inna ta dawo a gajiye ta kwanta. Ranar sadakar uku mura ta dishe mata murya. Hasana ta tambayi yadda ake kaɗa miyar kuka ba ta yi gudaji ba, Hussaina ta ce Inna ta ce a sauke tukunya tukuna, a riƙa barbaɗawa kaɗan-kaɗan. Wannan kam gaskiya ce, Inna ta faɗa, amma bara.

A rana ta biyar dariya ta ƙare. Muryar Hasana ta yi ƙasa. Malamai na zuba Faransanci da gudu, 'yan aji su juye Larabcinsu su bar ta tana kallon baki. Kwana uku ba wanda ya kira sunanta daidai. Ta ce ba ta san me ke damunta ba, gabanta sai faɗuwa yake yi.

"Inna kawai nake so in ji, Hussaina. Ko tari ne ta yi mini."

Hussaina ta yafa gyale ta sami Baffa a zaure, ta durƙusa. Ta ce a taimaka a gaya mata, ko addu'a ta yi wa uwarta tare da mutane; ita ma haifarta aka yi. Baffa bai ko dube ta ba. Ya ce ita yarinya ce, gata ake yi wa Hasana. Wasu masu gaisuwa suka yi sallama, ya juya ya karɓe su, kafin ta miƙe ta ji yana cewa ai ɗaya 'yar tana ƙasar waje, likita za ta zama in sha Allahu. Har wani daɗi muryarsa take yi. A nan Hussaina ta gane abin da ake tsaro, kuma ba zuciyar Hasana ba ce.

*

Ranar sadakar bakwai gida ya cika tun da hantsi. Ana ta daka, ana rabon gumba da waina. Zulai maƙwabciyarsu, wadda ko kaza ta yi ƙwai sai duniya ta gani, ta ɗora hoton Inna a sitatus ɗinta na WhatsApp, ta rubuta Allah ya jiƙan Inna Ɗelu, yau kwana bakwai. Dokar Baffa ta hana baki, ba ta tuna da yatsa ba. Zulai kuwa tana da lambar Hasana.

Hussaina na wanke ƙwarya wayar ta yi ƙara. Ba kira ba ne. Wokal ne, daƙiƙa tara. Ta shiga ɗakin Inna ta tura ƙofa, ta kara a kunne.

Babu kuka a muryar, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Hussaina. Ranar da nake ba ta labarin burodi ina dariya, tana cikin ƙasa?"

Shi ke nan.

Hussaina ta zauna a bakin gadon da aka naɗe katifarsa. Ta danna maɓalli za ta amsa, bakinta ya ƙi buɗuwa. Tana riƙe da shi wayar na ɗauka: luguden mata a tsakar gida, fatihar malamai daga zaure, da Baffa can yana amsa gaisuwa. Ta bar wayar ta ɗauka har minti guda, sannan ta saki. Iyakar abin da Hasana za ta samu na mutuwar uwarta ke nan.

Ta zuba wa wayar ido. Alama ɗaya ce ta fito, toka-toka, saƙo bai isa ba. Aka kira azahar, aka kira la'asar, masu gaisuwa suka naɗe tabarmi suka watse. Hussaina na nan zaune da waya a tafin hannu, alama ta biyun ba ta fito ba.