Madubin da Na Zaɓa Saboda Baba

Ni dai ban taɓa buga golf ba, kar wani ya ɗora min. Jaka nake ɗauka. Shekara da shekaru ina bin masu hannu da shuni a filin wasa a Kaduna, su buga ƙwallo ta faɗa daji, ni Ishaya ɗan Tamada in kutsa cikin ƙaya in nemo, su kuma su ɗora wa iska laifi. Aikin ke nan, kuma ya ci da ni.

Ranar da Baturen da nake ɗaukar wa jaka zai koma ƙasarsu, sai ya buɗe bayan motarsa ya nuna min madubai biyu na awon nisa, ya ce in zaɓi ɗaya. Abin kamar madubin hangen nesa yake. Ka sa a ido, ka saita abu, ka danna, sai ya harba wani haske da ido ba ya gani, hasken ya bugi abin ya dawo, lamba ta fito ta gaya maka yadi nawa ke tsakaninku. Na farkon ƙarami ne, na 'yan golf sak. In ka saita tutar rami ita yake kamawa, ya ƙyale itatuwan da ke bayanta, amma ba ya cin dogon zango. Na biyun ƙato ne, irin na maharba. Yana kaiwa nesa sosai, sai dai babban abu yake so, ƙaramin abu bai dame shi ba.

Abokan aikina suka yi caa a kaina. "Ɗauki ƙaramin, Ishaya! Da shi a wuyanka manya rububinka za su yi." Na juya wannan, na juya wancan, har Baturen ya fara duba agogo. Na ɗauki babban. Wani ya ce lallai ƙauyanci ba ya barin mutum. Na ce na ji, a bar ni da kayana. Ba su san Baba nake tunani ba.

Mu asalinmu ba 'yan Wara ba ne, garin da gidanmu yake yanzu. Ƙauyenmu yana ƙarƙashin tafkin Kainji, a wani lungu tsakanin dutse da tudu, tun ranar da aka tare kogi ruwa ya hau. Innarmu Delu tana can. Wajen haihuwar ƙanwata Saratu ta rasu, ba ta ko ji kukan jaririyar ba. A gidanmu kuwa akwai al'ada: in uwa ta mutu ta bar jinjiri, ba a zuwa kabarinta a gaya mata ɗan yana raye sai ya fara tafiya da ƙafarsa, don kada kewa ta sa ta dawo ta ɗauke shi. Saratu tana rarrafe aka kwashe mu a mota. Kafin ta miƙe tsaye, ruwa ya shanye kabarin.

Ni na shiga coci tun ina saurayi, Saratu ta auri Musulmi, amma Baba yana nan a kan addinin kakanninsa, kuma wannan saƙo ya tsaya masa a maƙogwaro. Ya san wurin da baki: kabarin yana tsakiya daidai tsakanin baƙin dutsen nan da har yau kansa ke waje, da babban rimin da ke kan tudu. Duk shekara in ruwa ya ja sai ya shiga kwalekwale ya je, ya yi ta kewaye, ya dawo bai isar da saƙon ba. A kan ruwa ido ƙarya yake yi, ka ga kamar ka zo tsakiya alhali da saura. In na ce masa ya faɗa kawai mana, ko ina ne za ta ji, sai ya harare ni.

"Kai wane irin yaro ne? Kaburbura na nan jere. In tai in tsaya bisa matar wani ina ba ta labarin ɗiyata?"

To ka ji dalilin babban madubi. Dutse babba ne, rimi babba ne, kuma da nisa tsakaninsu. In lambar dutse ta yi daidai da lambar rimi, mun iso. Wallahi har na yi ta jin daɗin kaina a motar zuwa gida, tun daga Kontagora nake shafa jakar.

Na tarar Baba ya zube. Ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi hazo, sai an ɗaga shi. Da na sa masa madubin a hannu na yi masa bayani, ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, "Wanga abu ba ya ƙarya?" Na ce ba ya yi. Saratu ce ta ja ni waje, ta rage murya.

"Yaya, rimin fa ya faɗi. Iskar farkon damina ta kayar da shi, masu gawayi sun gama da shi. Ba mu gaya wa Baba ba."

Na yi faɗa, na zagi masu gawayi, na zagi iska, har da Saratu da ba ta yi komai ba. Da na huce, ita ce ta kawo dabara. Kututturen yana nan, in ji ta. Za ta hau kansa ta ɗaura farin zane a gora ta ɗaga, in saita shi.

Da hantsi muka fita. Mijinta Ladan ne ke tuƙi, Baba yana kishingiɗe a tsakiya a kan tabarma, ni ina gaba. Muka sauke Saratu a gindin tudu, muka nufi dutsen, muka juyo muka sa shi a bayanmu. Na saita dutse na danna, lamba ta fito tar. Na juya wajen Saratu. Ga ta can, 'yar mitsitsiya, farin zanen yana kaɗawa. Na danna.

Lamba ta fito, amma ta yi yawa. Na sake, wata ta fito daban. Na sake, babu komai sai layi biyu. Madubin ba ya ganin zanen. Tsallake shi yake yi ya kamo tudun da ke baya, yanzu nan, an jima can. Tuta ce fa, tuta a kan sanda, abin da ƙaramin madubin aka yi shi dominsa! Ko da shi ɗin zai kai wannan nisa, oho, har gobe ban sani ba. Na riƙe numfashi, na dafa gwiwa, na ce wa Ladan ya daina motsa jirgin, ya ce shi ruwa ba ya jin magana. Gumi ya cika min ido. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi.

"Mi ya ce?" in ji Baba.

Ladan ya ƙifta min ido, wai in ce mun iso. Na buɗe baki zan faɗa. Na kalli tsohon nan da ya ƙi yi wa matar wani magana shekara arba'in da wani abu, na kasa.

"Baba, rimin ya faɗi. Abin nan bai iya ganewa. Ban san inda take ba."

Na fashe da kuka, ƙato da ni, da furfurata. Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Baba bai yi faɗa ba. Can ya ce wa Ladan ya koma gindin dutsen, ya miƙe sak zuwa inda rimin yake, a hankali, kada ya yi sauri. Ya ce in matso da shi bakin jirgin. Na tallafe shi, ya zura hannunsa cikin ruwa har gwiwar hannu.

"Ku mutanen ƙasa, ku gafarce ni," ya ce. "Ba da ku nike ba. Wadda nike nema ta san muryata."

Ladan ya fara tuƙi. Baba ya sunkuyar da kai dab da ruwa.

"Delu, ɗiyar ta rayu. Ta yi tahiya."

Jirgi ya ɗan matsa, ya sake faɗa. Ya matsa, ya sake. Haka muka ratsa lungun nan gaba ɗaya, muryarsa tana dishewa, ni ina riƙe da ƙugunsa kada ya faɗa. Ko sau ɗaya bai tsallake ba, don bai san a wace faɗar ce za ta ji ba.

Saratu ba ta san abin da ake ciki ba. Ba wanda ya ce ta sauke, don haka tana nan tsaye a kan kututture, ta ɗaga zanen sama. Sai da muka zo dab da gaci sannan maganar ta kai kunnenta. Na ga gorar ta sulale daga hannunta. Ta gangaro da gudu, mace mai jikoki, ta faɗa ruwa har ƙugu ta riƙe bakin jirgin.

Baba bai ɗago ba. Da sauran 'yar muryar da ta rage masa ya ce wa ruwan, "Ga ta nan ma ta zo da ƙahwarta."