Jar Motar Malam Obadiah

Cikin motar ya daki tudun da loroci suka bari a tsakiyar hanya, ta tsaya cak, tayoyin baya suna juyawa a banza. Malam Obadiah ya kashe inji. Kaɗan suka wuce Gidan Waya, da sauran tafiya kafin ƙauyensu, inda mahaifinsa yake kwance rai a hannun Allah.

Matarsa Afiniki, wadda ta sauka tun farko don a rage nauyi, ta dawo rungume da kwalaben maganin da suka karɓo a Kafanchan.

"Ai na ce maka mu hau lori," in ji ta.

Ya tura ƙofarsa, ta ƙi. Ya miƙa hannu ya tura ɗayar, ita ma ta ƙi. Jikin motar ya murɗe a kan tudun, ya matse su duka biyun. Taga kuwa ba ta isa ta fitar da mutum mai jikinsa ba.

Wani Bature injiniyan reluwe ne ya bar masa motar a bayan loko, rumfar gyaran jiragen ƙasa, kaji na ƙwai a kujerunta biyu. Jikinta ba ƙarfe ba ne, zaren gilashi ne da aka daskarar da gam, don haka mai walda ba shi da abin yi da ita. Obadiah da kansa ya liƙe ta, ya goge ta har hannuwansa suka saɓule, ya fesa mata jan fenti. Da aka ba shi muƙamin hedimasta a Kaduna ya ƙi zuwa, domin gidan ba shi da rumfar ajiye ta. Ranar Lahadi yakan kai ta coci a hankali, ya mayar. Yau ce rana ta farko da ya nemi wani abu a wurinta.

Manoma suka fito daga gonakin citta. Babbansu, Andrawus, ya sa suka kama ta ta baya. Suna ɗagawa sai aka ji ƙas, kamar fashewar ƙwarya.

"Ku saki, don Allah ku saki," in ji Obadiah.

"Malam, wannan mota naka ba nauyi," in ji Andrawus. "Ko mu ɗaga ya fashe, ko mu ɓalle ƙofa ka fita."

"A je Gidan Waya a samo katako da jak na ɗaga mota."

Afiniki ta sunkuyo bakin taga. "Baban Edna, kafin su dawo rana ta faɗi. Kai Baba yake kira, ba ni ba."

Bai dube ta ba. Ta ɗaure kwalaben a ɗankwali, ta aza a ka, ta kama hanya. Yana kallonta ta gilashin gaba har masara ta rufe ta. Zafi ya taso da warin gam, gumi ya jiƙa masa riga.

Andrawus ya ɗora bakin fartanyarsa a tsagin ƙofar, ya tsaya. "Malam, yaya?"

Obadiah ya shafa ƙofar daga ciki.

"Mu jira katakon," in ji shi.