Ƙotar Gudumar Tokuji

—a'a, ba wannan ba ce. Fumie tana mayar da gudumar kan shimfiɗar mai kaya, tana goge tsatsar a gefen rigar sanyinta. Ta mijinta Tokuji ƙotarta ta lotsa daidai wurin babban yatsa, shekara arba'in na gumin kafinta... Lahadi ta nawa ke nan? Ta tara? Ta goma?

Harabar wurin bautar cike take da mutanen unguwa, kowa ya baje tarkacen gidansa a ƙasa don sayarwa. Kofunan shayi masu tsaga, agogon bango da ya tsaya tun tuni. Hayaƙin gasasshen dankali yana ratsa rassan itatuwa a hankali, kamar ba ya son tafiya. Zarto ga shi nan birjik. Duk na matattu ne? Ko na waɗanda suka rage rabi da rabi, irin nata?

Gidan kula da tsofaffi, ɗaki na ƙarshe. Tokuji yana zaune bakin gado, hannun damansa yana tashi yana sauka a kan bargo. Biyu a hankali, ɗaya da ƙarfi. Babu ƙusa, babu katako. "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ita yake tambaya. Ita, da ta haifa masa uku, ta binne ɗaya.

Amma hannun bai manta ba... to idan aka saka masa gudumar a tafin, ba sai sauran jikin ya biyo baya ba?

Ƙanshin sassaƙen katako a gashinsa, ranar da ya hau rufin gidan babanta. Tana ƙasa riƙe da butar shayin sha'ir, yana sama, rana a bayansa, ba ta ganin fuskarsa, sai jin ƙarar gudumarsa. Ƙarar ta fara so, kafin mutumin. Ta taɓa gaya masa? Anya?

Ɗansu Noboru ne ya kira motar masu kwashe kaya, haka take faɗa wa ƙawayenta. Noboru ne. Amma wa ya tsaya a ƙofar rumfar aikin ya ce, "Ku kwashe duka, na gaji da ganinsu"? Muryar wa ce? Watanni shida tana bin Tokuji kwararo-kwararo cikin ruwan sama, yana neman gidajen da aka rushe tun da daɗewa, yana cewa bai gama aikinsu ba... gajiya ce ta yi magana, ba ita ba.

Wani akwatin katako, ƙarƙashin tsofaffin laimomi. Tana durƙusawa, gwiwoyinta suna ƙara. Sanyin ƙarfe. Ƙota baƙa wul, mai sulɓi, kuma babban yatsanta yana zamewa ya faɗa wani ɗan lotsi, ya zauna daram.

"Kaka, gida za ki gina ne?" in ji mai kayan, wani mai sanƙo, yana dariya. "Ɗauki a yen ɗari biyar, kada ki fasa mini kai da ita."

Ita ce? Tasa ta fi wannan nauyi... ko hannunta ne ya yi ƙarfi da ɗaga shi daga gado? Sau nawa ma ta taɓa riƙe ta a rayuwarta? Ba ya bari. Kowane kafinta ai yana da babban yatsa.

Ga ta a bencin jiran bas, gudumar naɗe cikin tsumma a kan cinyarta, da ɗumi kamar abu mai rai. Za ta shiga ɗakinsa, ta buɗe masa tafin hannu, ta ɗora. Yatsunsa za su rufe. Fuskarsa za ta washe, irin washewar da ta shekara biyu ba ta gani ba, zai ce, "Ah, ga ki nan, ina kika shiga?"

Kuma ba ita zai kalla ba, sai gudumar.

Bas ɗin yana tsayawa, ƙofa tana buɗewa. Direba yana jira, yana dubanta... ƙafafunta kuwa sun ƙi, sun ƙi tashi—