Ƙara Murya, Kulu

Tun ranar da ɗanta ya ɗora mata fano mai zuƙar hasken rana a kan rufin ɗaki, ya jona batiri, ya kafa tele da ƙatuwar lasifika a rumfar tsakar gida, Kulu ta zama babbar mace a unguwarsu ta bayan kasuwar Dungas. Ana idar da la'asar mata za su fara sallama, wannan da tabarma, wannan da goyo, waccan da ƙwaryar wake tana tsinta. Duk sun zo kallon fim ɗin nan mai dogon zango da ake turo musu ranar kasuwa a kile, ɗan abin nan na adana fim da ake soka wa tele. Kulu kuwa tana kan kujerarta 'yar tsugune, telekomand a hannu, ita ke ƙara murya ita ke ragewa, ba wadda ta isa ta taɓa mata shi.

Ɗan nata, Abdulwahabu, shi ne ɗan farinta, don haka tun da aka raɗa masa suna bai taɓa jin sa a bakinta ba. "Mai moto" take cewa, ko kuwa "wancan." Ba ta zama inda yake zaune, ba ta taka sashensa, in aka yabe shi a gabanta sai ta kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta tarar, kuma duk unguwa ana misali da ita a kai. Kabu-kabu, wato hayar babur, yake yi tsakanin Dungas da Mallawa, kuma moton nan shi ke ci da gidan. Sashensa yana bayan rumfar, katangar laka ce kawai a tsakani. Can yake zaune da matarsa Nafisa, 'yar mutanen Mallawa, yarinya mai sanyin murya, ga ta da tsohon ciki na fari.

Fim ɗin labarin wani Saminu ne, ɗan kwalisa mai shadda, wanda ba shi da aiki sai jibgar matarsa. Miya ta yi gishiri, duka. Ta yi magana, duka. Ta yi shiru, ya ce raini ne, duka. In zai fara sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Mace da jaki, sandarsu ɗaya." Kai, maganar nan ta shiga gari! 'Yan kabu-kabu a tasha sun maishe ta abin dariya, har suna kiran Abdulwahabu da Saminu, shi kuwa ya washe baki kamar an ba shi sarauta.

A rumfar Kulu kuwa kullum sai an yi kamar za a ba hamata iska. Mariya mai ƙuli-ƙuli, maƙwabciyarsu, mace ce da ba ta haɗiye magana, ita ke buɗe fage.

"Allah ya shanye wannan hannu! La'ananne, ɗan baƙin ciki!"

"To ita ma ai bakinta ke ja mata," wata za ta ce. "Miji na faɗa kina faɗa?"

"Mu da aka daka da igiyar guga ga mu nan da ranmu," in ji wata tsohuwa, tana gyara goro a kumatu.

Wasu su yi ta sharar hawaye da bakin zane, 'yan mata su yi ta ƙyalƙyala dariya in Saminu ya zaro ido. Ran nan Mariya har takalmi ta cire ta jefi tele, Allah ya sa ya sami ginshiƙin rumfa. Amma akwai wadda duk matan nan suka haɗu a kan tsanarta, ita ce uwar Saminu, wata dattijuwa da ke zaune a falo tana jan carbi ana kashe 'yar mutane a ɗaki na kusa.

"Wallahi uwar nan ta fi ɗan mugunta," Mariya kan ce. "Ko ba haka ba, Kulu?"

"Ƙwarai kuwa," Kulu za ta amsa.

Don Kulu ta san abin da ba su sani ba. Daidai lokacin kallon nan ne mai moto ke dawowa cin abinci. Za ta ji tsayuwar moto, ta ji ƙarar ƙyaure, daga nan kunnenta ya bar tele ya koma bayan katanga. In ta ji tim na farko, irin na buhu ya faɗi ƙasa, sai babban yatsanta ya danna. Murya ta hau, kukan matar Saminu ya cika gida, na bayan katanga ya ɓace a ciki.

"Yauwa, ƙara murya, Kulu!" matan za su ce. "Nan ne wurin yake!"

Ta ba kanta dalilai har ta haddace su. Harshe da haƙori ma ana saɓawa. Tsakanin miji da mata sai Allah. Uwa ba ta shiga sha'anin ɗan fari. Asirin gida kuma in ya tonu ba ya rufuwa. Da safe Nafisa za ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, mayafi ya rufe ido guda, ta ce ƙofa ce ta buge ta. Kulu ta ce, "Sannu, a dinga kula," ta dama mata fura da nono mai kauri, ba ta ƙara tambaya ba. Tana son yarinyar nan, Allah ya sani tana son ta, kuma tana ɗokin jikan da ke cikinta. Sai dai tsoron bakin duniya ya fi ƙarfinta.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, sai aka shiga kwanakin hadari, rana ba ta leƙowa. Fano kuwa in bai sha rana ba, batiri ba ya cika. Kulu ba ta kawo wannan a ranta ba, ta kunna tele kamar kullum, rumfa ta cika maƙil, don an ce yau ne Saminu zai gano matarsa ta je gidansu ba izni.

Yana naɗe hannun riga moto ya tsaya a ƙofar gida. Kulu ta ji ƙyaure. Ta ji muryar ɗanta sama-sama, wai an bar masa tuwo ya huce. Tim! Yatsanta ya danna. Saminu ya zare bel, matarsa ta kurma ihu, Mariya ta fara tsinuwa. Amma yau na bayan katanga ya ƙi ɓacewa, sai ƙaruwa yake. Kulu ta danna, ta ƙara dannawa, har lasifika na rawa.

Ɗif! Tele ya mutu.

Ihun bai tsaya ba.

"Hoto ne ya ɗauke, murya na nan," in ji wata yarinya.

Mariya ta ɗaga mata hannu. Rumfa ta yi tsit, ko mai goyo ba ta motsa ba. Ana jin saukar abu a jikin mutum, fyaɗ, fyaɗ, sannan muryar da kowa ya sani, ta shaƙe da kuka.

"Cikin! Don Allah ka bar cikin! Ka doke ni a baya!"

"Mace da jaki," in ji Abdulwahabu yana haki, "sandarsu ɗaya!"

Idanu suka juyo kan Kulu. Ita kuwa ba ta ma san yatsanta na nan kan madanni ba, yana ta danna tele da ya riga ya mutu. Mariya, da ke zaune dab da ita, ta dubi yatsan nan, ta dubi fuskarta. Ba ta yi ihu ba, ita da ta saba. A hankali ta ce, "Ashe uwar Saminu a gabanmu take zaune."

Da mari Mariya ta yi mata da ya fi sauƙi. Wasu mata suka fara naɗe tabarmi, ana "mu dai ba ruwanmu," tsohuwa mai goro na laluben takalmi. Sai aka ji wani irin ƙara daga bayan katanga, ba ihu ba, irin na wanda aka taka wa ciki numfashi ya fita. Daga nan Nafisa ta yi shiru, dukan kuwa bai tsaya ba.

Kulu ta saki telekomand ya faɗi. Ta miƙe, ta sunkuci taɓarya a gindin turmi, ta nufi sashen da ba ta taɓa takawa ba tun da aka gina shi. Ƙyauren a sakale yake ta ciki. Ta ɗaga taɓarya kamar za ta surfa gero, ta kirɓa masa, ta sake, a na gaba sakata ta ɓalle.

Nafisa na kwance a ƙasa ta dunƙule, hannuwa biyu a kan ciki, zanenta ya jiƙe da jini. Tuwo ya watse, kwano ya kife. Shi kuwa yana tsaye a kanta da robar ɗaure kaya ta moto, mai ƙugiyar ƙarfe a baki, ya ɗaga zai sake zubawa.

"Abdulwahabu!"

Hannun ya tsaya a sama. Ya waiwayo baki buɗe, don bai san yadda sunansa ke fita daga bakin nan ba, sai yau. Ita ma sunan ya yi mata nauyi a harshe, amma ta maimaita shi.

"Abdulwahabu, ni na haife ka?"

"Inna, ki fita, ba ki san abin da ta..."

Bai ƙarasa ba. Taɓarya ta sauka a damtsensa na dama, hannun da yake murza moto da shi, hannun da ke ci da su duka. Ƙas! Har tsakar gida an ji karayar ƙashin. Ya saki ƙara ya zube bisa gwiwa, ta ƙara masa a kafaɗa ya kife cikin tuwon.

Sai ga mata sun ɓarko. Mariya da muciya, wata da ludayin ƙarfe, wata da takalmi, wata da iccen murhu. Haushin Saminu da suka tara tun farkon fim, da nasu na gida da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, duk suka sauke a kansa. Wadda ke cewa baki ke ja wa mace, ita ta fi kowa zafin hannu, tana duka tana kuka. Tsohuwa mai goro ta samu robar nan ta tsula masa a gadon baya tana cewa, "Ji yadda take! Ji yadda take!" Goshinsa ya fashe, leɓensa ya tsage, yana kiran Inna, Inna, kamar yaron goye. Kulu ta ji kiran har cikin hanjinta, amma ba ta juya ba, tana durƙushe ta tallabo kan Nafisa.

"Ku bar shi haka nan!" ta daka musu tsawa. "Ku zo ku kama mini yarinya!"

Mai moton gidan na kwance da karyayyen hannu, ga ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ba kabu-kabun da zai fito. A amalanken maƙwabta aka shimfiɗa Nafisa, aka rufa mata ledar shanya, Kulu da Mariya suka riƙe ta, jaki na tafiya cikin taɓo har gidan likita.

Ana kiran magariba ungozoma ta fito tana goge hannu. Uwar za ta tashi, in ji ta, in Allah ya so. Ɗan kuwa namiji ne, ya zo ba rai. Kulu ta dafa bango, ta yi salati. Da aka ba su izni ta shiga, ta zauna a bakin gado kanta a ƙasa.

Nafisa ta buɗe idon da bai kumbura ba. Ta laluba ta kamo hannun surukarta.

"Inna."

"Na'am, 'yar nan. Kada ki yi magana."

"Ina jin ki kullum, Inna. In ya fara, sai in kasa kunne wajen rumfa. In na ji muryar tele ta hau, na san ba mai zuwa, sai in rufe cikina in jira ya gaji." "Yau na ji kin kashe. Na ce a raina, yau Inna za ta zo. Allah ya saka miki da alheri."

Mariya na tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Ba za ta tona ba, Kulu ta gani a fuskarta. Amin kawai Kulu za ta ce, maganar ta mutu a nan, yarinyar ta ci gaba da riƙe hannunta. Ta dubi hannun nan, da shatar roba a kansa, ta ji ba za ta iya ba.

"Ba ni na kashe ba, 'yar nan," ta ce. "Batiri ne ya ƙare. Ni ƙarawa nake yi."

Nafisa ta daɗe tana kallonta. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta ɗora a kan cikin da ba kowa a ciki, ta juya fuskarta wajen bango.