Kuɗin Cizon Ɗakin Baƙi

Mai Kabeji mutum ne da ba a faɗa wa magana sau biyu, don ta farkon ma ba ji yake ba. Bara da yayarsa ta kwana gidansa, ta tashi tana susa, ta ce a gaban matarsa, "Auta, ashe kiwo kake yi a katifa? Kuɗin cizon nan sun fi awakinka ƙiba."

Maganar ta tsaya masa a wuya. Da aka ce tana tafe bana, sai ya ɗauko famfon feshi da galan ɗin maganin tsutsar kabeji, mai hoton ƙoƙon kan mutum a jiki.

"Malam, na gona ne fa," in ji matarsa.

"Ƙwaro ƙwaro ne. Ko na ɗaki boko ya yi?"

"Ba ka ga hoton ba?"

"Don tsorata ƙwarin aka zana."

Ya ninka awo, tunda baƙuwar babba ce. Ya jiƙa katifa, ya jiƙa filo, ya bi labule. Ya rufe taga, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma kada ƙarfin ya gudu.

Yaya ta iso da rana a gajiye. Ta yamutsa hanci.

"Wannan warin fa?"

"Na tsabta ne, Yaya. Ba ki saba ba."

Ta shiga ta kwanta. Da shiru ya yi yawa matarsa ta leƙa, ta tarar da ita cikin amai, yawu na dalala, numfashi da ƙyar. Maƙwabci ya kai su asibiti a motarsa, har da galan ɗin maganin.

Likita ya juya galan, ya dubi Mai Kabeji.

"Baba, ita ma kabejin ce?"

Mai Kabeji ya zauna a benci, hula a hannu. Yayar nan ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu.

Washegari Yaya ta buɗe ido. Ta sosa damtse, ta laluba gefen mayafinta, ta kamo wani abu, ta ɗora masa a tafin hannu. Kuɗin cizo ne, ƙato, lafiyayye, yana tafiyarsa.

"Auta, sannu da aiki. Ni ka kusa aikawa lahira. Dabbar taka kuwa har rakiya ta yi mini."

Ya murtsuke shi, ya daɗe yana kallon jinin.

"Na sani," ya ce. "Jabu suka sayar mini."