Ujarak Ya Kawo Mai Sayen Ƙasa

Tun farkon mako Qupanuk take toye-toye. 'Yarta Maliina ta gama karatun ilimin duwatsu a Denmark ta dawo garinsu Narsaq da ke tsibirin Girinlan, bisa al'ada dole a buɗe gida a sha gahawa, jama'a su shigo su yi barka. Qupanuk ta yanka rago daga garkenta, ta jera busasshen kifi da kek. Tun rasuwar mijinta ita kaɗai ke riƙe da tumakin nan, kuma da su ta kai yarinyar inda ta kai.

Gida ya cika sai ga ƙanen Qupanuk, Ujarak, wanda ya daɗe a Amurka, ya shigo da wani dogon Bature. Baƙon ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya gaisa da kowa cikin ladabi.

"Yaya, ga Mista Pruitt," in ji Ujarak. "Ni nake masa tafinta."

Qupanuk ta san ko wane ne. Gari ya ɗauka cewa wasu sun sauka suna bin gida-gida, suna lallashin mutane wai Amurka ta sayi Girinlan. Ta zuba masa gahawa ba tare da ta dube shi ba.

Ba a jima ba wani tsohon masunci ya tsokano zancen. "To, mai saye, da mu za a haɗa ko ban da mu?"

Aka yi dariya. Pruitt bai ji haushi ba. Ya ajiye kofi ya fara bayani, Ujarak yana juyawa. Ya ce ƙanƙarar arewa tana narkewa, jiragen ruwa za su riƙa yanke hanya ta nan, kuma duk wanda ya riƙe tsibirin shi ya riƙe hanyar. Ya ce wasu manyan ƙasashen sun riga sun sa ido, mutane ƙalilan kuwa ba za su iya tsare ƙasa mai wannan faɗi ba. Ya nuna dutsen da ke bayan gari ta taga, ya ce abin da ke cikinsa da shi ake yin batir da wayoyi. In an haƙo, a samu asibiti da tituna da aikin yi, a daina jiran abin da Denmark, wadda tsibirin ke ƙarƙashinta, za ta miƙo.

"Tambaye shi," in ji Qupanuk, "ƙurar haƙar, a kan ciyawar wa za ta sauka?"

"Haba Yaya, za a biya diyya."

"Shi na ce ka tambaya. Ko kai ne bakinsa, kai ne kuma ƙwaƙwalwarsa?"

Ujarak ya tsuke fuska. "Kin tsufa kina bin tumaki a kan duwatsu, gwiwa ta lalace. Mama ta mutu tana jiran jirgin da zai kai ta asibitin Nuuk, can babban birni. Wannan ce ƙasar da kike rungume da ita?"

"Da ta mutu kana ina? Ni na wanke ta. Yanzu ka dawo da ƙamshin turare ka kawo min dillali har cikin ɗaki, kamar ƙasar tunkiya ce za a taɓa mata baya a ji kitse!"

Wasu mata suka fara laluben rigunan sanyinsu don su tafi. Pruitt ya miƙe yana ba da haƙuri, ya ce ba da niyyar ɓata taro ya zo ba.

"Gaya masa shi baƙo ne, ya shanye gahawarsa," Qupanuk ta ce wa Ujarak. "Kai kuwa fita."

A nan ne Maliina ta yi magana daga bakin kicin. "Mama, Kawu bai faɗi ƙarya ba."

Qupanuk ta juya a hankali.

"Ni ban ce a sayar da ƙasa ba. Amma karatun da kika yi min wahala a kansa, a ina zan yi aiki da shi? A garke? Mutanen Mista Pruitt sun ce suna neman wanda ya san duwatsun nan. Na ce musu zan je in yi musu aiki."

"Yaushe kika ce musu?"

"Kafin in dawo."

Wato ita tana ta toye-toye, su sun riga sun gama magana. Qupanuk ta ji kunya ta rufe ta a gaban maƙwabta, ta fi ƙarfin fushin. Ta hau kwashe farantai tun mutane ba su gama ci ba, suka fahimta, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Maliina ta bi jirgin ruwa zuwa Nuuk a makon da ya biyo. Qupanuk ba ta raka ta tasha ba, ta ce tana da gyaran shinge.

Maganar sayen ta yi ta tashi tana kwanciya a rediyo, ba a sayi komai ba, ba a kuma fasa zancen ba. Lokacin saukar da tumaki daga tsaunuka ya zo, Ujarak ya aiko cewa zai zo ya taya ta. Ta ce a gaya masa in ya taka gonarta za ta sakar masa karnuka. Maliina takan bugo waya ranar Lahadi. Sukan yi zancen sanyi da lafiyar garke, in yarinyar ta soma maganar aikinta sai uwar ta ce tukunya tana kan wuta.